Kada da Kunkuru Suna da Basira Kuwa? Fashin Baƙi Kan Ƙwaƙwalwar Dabbobi Masu Jan Ciki

Duk bayan 'yan kwanaki sai wani bidiyo ya karaɗe intanet. Ma'aikacin gidan namun daji ya tsaya bakin tafki ya kira suna ɗaya, sai kada guda ya taso ya nufo shi, sauran ko motsi ba su yi ba. Ko kuma ƙadangare ya haye kafaɗar mai kiwonsa, ana shafa masa kai yana lumshe ido. Kafin ka ce kwabo masu kallo sun rabu gida biyu. Wasu su ce ai dabbar nan ta san ubangidanta, tana ƙaunarsa kamar kare. Wasu su ce tatsuniya ce, mai jan ciki ba abin da ke kansa sai ci da sara da gudu, ƙanshin nama ne ya taso da shi.

To ina gaskiyar take? Maciji da kunkuru da kada suna koyon abu har su riƙe shi, ko kuwa abin da aka haife su da shi suke ta maimaitawa har su mutu? Binciken shekara 20 da suka wuce ya ba da amsar da ba za ta yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Suna koyo, suna tunawa, wasu ma suna ɗaukar darasi daga kallon 'yan uwansu. Sai dai koyo daban, ƙauna daban, kuma wanda ya cakuɗa su a gaban kada yana iya barin hannunsa a can.

Su wane ne masu jan ciki, kuma me ake aunawa?

A ilimin halittu wannan suna ya tattaro ƙadangaru da danginsu irin su tsaka, kulɓa, hawainiya, damo da guza, sai macizai, sai kunkuru da kififiya, sai kada da danginsa, da wata halitta mai kama da ƙadangare da ba a samu sai a Niyu Zilan, wadda ake kira tuwatara. Nau'o'insu sun haura 11,000. Sunan ɗaya ne amma zumuncin ba ɗaya ba ne, domin kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare. Don haka abin da aka gani wurin guza ba dole ba ne a same shi wurin kububuwa.

Abin da ya haɗa su shi ne jikinsu ba ya samar da ɗumin da zai riƙe su, daga rana ko dutse mai zafi suke karɓa. Ana ce musu masu sanyin jini, amma sunan na ruɗarwa: ƙadangaren da ya sha hantsi jininsa na iya kai zafin na mutum, har ya wuce. A riƙe wannan, shi ne bakin zaren maganar.

Ita kuwa kalmar basira, masu bincike ba sa aunata a dunƙule, sai sun yanyanka ta. Akwai ilhami, wato abin da dabba ta zo da shi, kamar ɗan kififiyar teku da ke fasa ƙwai da dare ya nufi ruwa ba wanda ya nuna masa hanya. Akwai sabo, inda dabba ke daina firgita da abin da ta ga ba ya cutar da ita. Akwai haɗa alama da sakamako, kamar gane cewa ƙarar buɗe ƙofa na nufin abinci ya iso. Sama da wannan akwai ƙirƙiro dabara a gaban matsalar da ba a taɓa gani ba, da koyo ta kallon wani. Wanda masana suka fi ba muhimmanci shi ne warware darasi: an koya maka shuɗi ne ke da abinci, yau an mayar da abincin wani launi, za ka iya sakin tsohuwar dokar? Dabbar da ke iya wannan ba na'ura ba ce.

Daga ina sunan daƙiƙanci ya samo asali?

Wani ɓangare na laifin yana wuyan wata nazariyya da masanin ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Paul MacLean, ya yaɗa tun shekarun 1960. Ya ce ƙwaƙwalwar mutum hawa uku ce, kuma hawan ƙasa, mai kula da faɗa da tsoro da sha'awa, shi ne abin da ya kira ƙwaƙwalwar mai jan ciki. Maganar ta yi daɗin faɗa, ta shiga littattafan gyaran hali da tarukan horar da ma'aikata, har yau ana jinta. Masana ƙwaƙwalwa kuwa sun daɗe da ajiye ta. Dukkan dabbobi masu ƙashin baya suna da manyan sassan ƙwaƙwalwa iri ɗaya, bambancin yana wurin girma da tsari. Masu jan ciki suna da ɓawon ƙwaƙwalwa mai shimfiɗa uku, masu shayarwa suna da mai shimfiɗa shida a mafi yawan nasu. A 2018 ayarin Gilles Laurent na Cibiyar Max Planck da ke Frankfurt ya bi ƙwayoyin ƙwaƙwalwar kififiya da ƙadangare ɗaya bayan ɗaya, ya sami waɗanda suka yi daidai da na hifokamfus, sashen da ke riƙe mana taswirar wurare.

Abin mamaki, shaida ta riga nazariyyar. Tun 1901 Robert Yerkes ya saka kififiya a akwatin lunguna ta koyi hanya, kuma a 1932 Otto Tinklepaugh ya ba da rahoton wata da ta yi kusan yadda ɓera ke yi. Amma yawancin gwaje-gwajen da suka biyo baya an ɗinka su ne a jikin ɓera da tattabara, sannan aka ce maciji ya saka.

Kuskuren farko sanyi ne. Ɗakin bincike da ke yi wa mutum daɗi, digiri 20 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, ga ƙadangaren hamada kamar a tashe ka tsakar dare ne a ba ka jarrabawa. Wani gwaji na 1968 a kan ƙadangaren hamadar Amurka ya nuna haka ƙarara: a digiri 22 ba su koyi hanyar akwatin ba, a 27 sun koya, a 32 sun fi sauri. Dabba ɗaya ce, ƙwaƙwalwa ɗaya, ɗumi kawai aka sauya.

Na biyu lada. Ɓera kullum cikin yunwa yake, zai yi maka gwaji da dama a rana saboda ɗan tsaba. Mai jan ciki yana ƙona kimanin kashi ɗaya cikin goma na kuzarin da mai shayarwa mai nauyinsa ke ƙonawa, kuma mesa kan ci sau ɗaya ta kwanta makonni. Dabbar da ba ta jin yunwa ba ta da dalilin wahalar da kanta.

Na uku horo. An riƙa amfani da ɗan jan lantarki ko ƙara, domin ɓera in ya ji zafi gudu yake yi. Kunkuru kuwa shigewa yake yi cikin ƙoƙonsa, ƙadangare ya sandare. Sai mai gwaji ya rubuta cewa ya kasa. Gordon Burghardt na Jami'ar Tennessee ya tattara irin waɗannan kurakurai tun 1977, amma an ɗauki shekaru kafin a saurare shi.

Misalin maciji ya isa hujja. A akwatin lunguna ba ya taɓuka komai, sai ya bi bango ya lafe a kusurwa. A 1999 David Holtzman na Jami'ar Rochester ya sauya tambayar. Ya saka macizan masara, wani nau'i marar dafi na Amurka, a faffaɗan baho mai haske da ramuka 8, ɗaya ne kawai ke kaiwa maɓoya mai duhu, da alama a jikin bango. Abin da maciji ke so ke nan, ya ɓace wa haske. A rana ta farko sun ɗauki kimanin daƙiƙa 700 kafin su sami ramin, a rana ta huɗu kimanin 400, wasu ma ƙasa da 30.

Yadda ake shirya gwajin da za a yarda da shi

Ana farawa da sanin zafin da nau'in ya fi so, a kunna masa fitilar ɗumi ya sha kafin kowane zagaye. Sannan a bar shi ya saba da filin gwajin, kwanaki ko makonni, kuma alamar ya saba ita ce ya ci abinci a wurin. Sai a gwada ladan da ya fi so, a yanka shi ƙanana don kada ya ƙoshi da wuri. Ga wasu nau'o'in ma ɗumi ko maɓoya sun fi abinci aiki.

Aikin kansa a hankali ake gina shi. In murfi ake so ya buɗe, a fara da rami a buɗe, sannan a rufe rabi, sannan a rufe duka. Daga nan sai toshe ƙofofin yaudara, kuma nan ne gwaje-gwaje da yawa ke lalacewa. Wari ne na farko: maciji da damo suna ɗauko ƙanshi da harshe su kai wata gaɓa da ke rufin baki, don haka dole a goge filin bayan kowane zagaye, kuma a sa ƙanshin ladan a duk zaɓin biyu. Na biyu karkata gefe: dabba kan kama hagu ta yi ta zuwa can, tana dacewa rabin lokaci, sai a zaci launi take bi. Maganinsa a riƙa sauya wurin alamar ba bisa tsari ba. Na uku mai gwajin kansa. Tun labarin dokin nan Hans na Berlin, wanda a 1907 aka gano ba lissafi yake yi ba, motsin jikin masu tambayarsa yake karantawa, ƙa'ida ita ce mai gwaji ya ɓuya ko a bar kyamara ta yi aikin. Kuma a tsayar da ma'aunin nasara tun kafin a fara, domin a zaɓi biyu ko makaho zai ci rabi.

Abin da ya fito da aka yi tambayar daidai

A 2011 Manuel Leal da Brian Powell na Jami'ar Duke sun kawo ƙadangaru 6 na kan bishiya daga Puerto Rico. An ajiye musu katako mai ramuka biyu, ɗaya da tsutsa a ciki an rufe da shuɗin faifai. A daji wannan ƙadangare daga sama yake faɗo wa ƙwaro mai motsi, dabarar da ba ta buɗe murfi. Zagaye ɗaya ake ba su a rana, wanda ya kuskure sai gobe. Huɗu sun warware matsalar, kuma ba ta hanya ɗaya ba: wani ya ciji bakin faifan ya ja, wani ya cusa hanci ƙarƙashinsa ya ɗaga. Da aka mayar da tsutsar ƙarƙashin faifai mai wani launi, biyu daga cikin huɗun sun saki shuɗin suka koma sabon. Sauran biyun suka nace wa tsohuwar dokar. Ko a cikin ƙadangaru akwai masu kaifin kai da masu taurin kai.

Damo, wanda ake yi wa kirari da sarkin haƙuri, ya nuna haƙurin ba rashin wayo ba ne. A 2008 an ba 'ya'yan wani nau'in damo mai baƙin maƙogwaro guda 8 bututu mai gani-har-hanji da abinci a ciki da ƙofa mai maɗauri. Dukkansu sun buɗe cikin minti 10 a karon farko. A karo na biyu lokacin ya ragu sosai, haka ma motsin banza irin na girgiza bututun.

Amma wadda ta fi kowa sauya wannan fage ita ce Anna Wilkinson, ta Jami'ar Lincoln a Ingila, da kunkuranta masu jan ƙafa, 'yan asalin Kudancin Amurka. A 2007 ta saka wani mai suna Moses a akwati mai rassa 8, kowane reshe da ɗan abinci a ƙarshensa. Wayon shi ne kada ka koma reshen da ka riga ka cinye, kuma Moses ya yi fiye da abin da sa'a za ta ba shi. A wani gwaji da ya biyo baya, da aka zagaye akwatin da labule don kada kunkuru ya ga alamomin ɗaki, sai ya ɗauki wata dabara, yana fita daga reshe ya shiga na kusa da shi, bi da bi.

A 2010 ta kafa shingen waya mai siffar kusurwa, abinci a ciki, kunkuru a waje yana hango shi. Sai ya juya wa abincin baya ya zagaya kafin ya samu. Kunkuru 4 da ba su ga kowa ya yi ba, kowannensu ya gwada sau 12 bai samu ba, sai tunkuyin waya. Wasu 4 da aka bari suka kalli wata da aka horar tana zagayawa, dukkansu sun kai ga abincin. Muhimmancin abin shi ne wannan kunkuru ba ya zaman garke, uwa ma ba ta renonsa, tana binne ƙwai ta yi gaba. Da ana ɗauka koyo ta kallo baiwa ce ta dabbobi masu zaman jama'a. Wannan gwaji ya nuna wataƙila duk dabbar da ta iya koyo tana iya ɗaukar ɗan uwanta a matsayin alama.

Ƙadangare mai gemu na Ostireliya ya ƙara matsa maganar gaba a 2014. An nuna wa 8 bidiyon ɗan uwansu yana zuge ƙofar waya da kai, rabi suka ga an zuge hagu, rabi dama. Duka takwas ɗin sun buɗe, kuma zugewarsu ta farko ta bi gefen da suka gani. Wasu 4 da aka nuna wa ƙofar tana buɗewa ba tare da ɗan uwan ya taɓa ta ba, ko ɗaya bai buɗe ba. Wannan ya wuce jan hankali zuwa wuri, kwaikwayon aikin ne.

Ba kowane gwaji ke fitowa da i ba. Ayarin Wilkinson ya shafe wata 6 yana koya wa wata kunkuru hamma in ta ga jan tambari, don a ga ko hamma na yaɗuwa tsakaninsu kamar yadda take yi tsakanin mutane. Ba ta yaɗu ba. Aikin ya ci kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2011, amma sakamakon na gaske ne.

Tunawa da sanin hanyar gida

In akwai fagen da masu jan ciki suka yi fice, riƙo ne. An koya wa kunkuru masu jan ƙafa cewa wani launi na nufin lada mai yawa ko mai daɗi, wani kuma kaɗan. Bayan wata 18 ba su sake ganin launukan ba, suka zaɓi mai tsoka. A gidajen namun daji na Viyana da Zurik an koya wa manyan kunkuran tsibiran Galapagos da Aldabra cizon ƙwallo mai launi a bakin sanda. Uku da aka sake gwadawa bayan shekara 9 sun tuna aikin, kuma waɗanda aka horar cikin rukuni sun fi na kaɗaici saurin kamawa. Ga dabbar da ke haura shekara 100, wadda itacen da ya ciyar da ita bana sai baɗi zai sake zubar da 'ya'ya, irin wannan riƙo shi ne jarinta.

A jihar Florida ta Amurka an kwashe wata mesa 'yar asalin ƙasar Burma da kewayenta guda 6 aka kai su nisan kilomita 21 zuwa 36, biyar suka dawo kusa da inda aka kama su. A Ostireliya an ɗauki wani kadan ruwan gishiri a jirgi mai saukar ungulu aka tsallaka da shi zirin ƙasar Cape York, ya zagayo ta gaɓar teku, tafiyar fiye da kilomita 400, ya koma gida. Sai dai a yi hattara, komawa gida gauraye ne na ji da gani da aka haifi dabba da su da kuma abin da ta haddace. Wanda ya raba su shi ne binciken Kayla Goforth na Jami'ar North Carolina a 2025. An riƙa ciyar da 'ya'yan kififiyar teku cikin maganaɗisun da ya yi daidai da maganaɗisun ƙasa na wani yanki na teku. Daga baya, da an kunna wannan maganaɗisun, sai su hau fantsama ruwa suna buɗe baki ko babu abinci, kuma bayan wata 4 ba su manta ba.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa fa?

Nan masu shakka suna da gaskiyarsu. Binciken Jami'ar Charles da ke Prague na 2022 ya ƙirga ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar nau'o'i da dama, ya sami tsuntsaye da masu shayarwa suna da kimanin ninki 20 na abin da mai jan ciki mai girmansu ke da shi. Kadan Nilu mai nauyin babban mutum yana da kimanin miliyan 80, ɗan ƙaramin ɓera yana da kimanin miliyan 70, mutum kuwa biliyan 86. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce mai cin abinci, tamu kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jiki amma tana shan kashi 20 na kuzari. Dabbar da ke rayuwa da ɗan abin da ta samu ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba. Don haka babu hujjar jera ƙadangare da hankaka ko biri. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne tushen koyo, wato haɗa alama, riƙe wuri, sauya dabara, ba ya buƙatar ƙatuwar ƙwaƙwalwa.

Inda ake zuzutawa

A 2013 Vladimir Dinets ya ba da rahoton kadoji a Indiya da jihar Louisiana ta Amurka suna ɗora ƙirare a hanci lokacin da balbelu ke neman kayan sheƙa, tsuntsu ya zo ɗauka su cafke shi. Jaridu suka ce an sami mai jan ciki mai amfani da makami. Amma kada da ke kwance ƙarƙashin bishiyar sheƙa dole ƙirare su faɗo masa, kuma gwajin da aka yi daga baya a Florida, inda aka zuba musu ƙirare da gangan, bai goyi bayan maganar ba. Har yanzu zato ne.

Sannan a dubi adadin: 6, 8, 4. Yawancin binciken nan a kan dabbobi ƙalilan aka yi, da yawansu haifaffun keji, daga nau'o'in da ba su kai cikin cokali ba a cikin 11,000. Sun isa su tabbatar cewa abu mai yiwuwa ne, ba su isa a ce kowane maciji haka yake ba. A 2024 masu bincike a Jami'ar Wilfrid Laurier ta Kanada sun gauraya warin jikin maciji da man zaitun suka miƙa masa. Wani ƙaramin maciji mai ratsi na Arewacin Amurka, mai son taruwa da 'yan uwa, ya daɗe yana bincikar warinsa da aka sauya fiye da na wani. Ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda ke zaman kaɗaici, ba ta nuna bambanci ba. Wasu sun kira wannan sanin kai, wasu sun ce bambance wari ne kawai, kuma ƙorafin nasu yana da ƙarfi.

Batun ƙauna kuwa, abin da aka tabbatar shi ne ganewa. An nuna macizan masara na bambance warin mai kula da su da na baƙo, amma waɗanda aka ajiye a keji mai wadatar maɓoya da rassan hawa ne suka yi hakan. Wata ƙatuwar kulɓa ta Ostireliya, wadda Michael Bull ya shafe shekaru yana bi, tana komawa ga abokin zama ɗaya kowace shekara, wasu ma'auratan fiye da shekara 20. Duk da haka lumshe ido ba shaidar jin daɗi ba ce, sau da yawa alamar takura ce, kuma ƙadangaren da aka kwantar rigingine ya yi shiru ba barci yake ba, tsoro ne ya sandarar da shi. Sanarwar New York ta 2024 kan ko dabbobi suna ji, wadda masana da dama suka sa wa hannu, ta tsaya ne a kan cewa akwai yiwuwar gaske masu jan ciki suna ji a jikinsu. Ba ta ce suna so irin namu ba.

Zafin ƙwai da kaifin kai

Zafin ramin da ƙwai ya kwanta yana taɓa ƙwaƙwalwar abin da zai fito, sai dai ba ta fuska ɗaya ba. A wata kulɓa ta tsaunukan Ostireliya, 'ya'yan rami mai ɗumi sun fi saurin koyo. A wata tsaka ta ƙasar, waɗanda aka ƙyanƙyashe da zafin da ake hasashen sauyin yanayi zai kawo sun fi jinkiri, kuma sun fi mutuwa bayan an sake su. A ƙadangare mai gemu, 'yan digiri 27 sun riga 'yan digiri 30 buɗe ƙofa. Ga mai ƙyanƙyasa da na'ura, digiri 3 ba ƙaramin abu ba ne.

Me wannan ke nufi ga mutane?

Mu koma kan kadan da aka kira da suna. Horo ne, kuma matakansa sanannu ne. Ana amfani da doguwar sanda mai ƙwallo a baki. Duk lokacin da kada ya taɓa ta da hanci sai a busa usur nan take, a jefa masa ɗan nama. In ya kama wannan, sai a riƙa faɗin sunansa kafin a nuna sandar, kuma ba a ba wanda ba a kira ba. A hankali a matsar da sandar zuwa kan sikeli ko cikin akwati, har a kai ga ɗibar jininsa ba tare da an ɗaure shi ba. Abin da ke ɓata aikin shi ne jinkirin lada, domin in daƙiƙu suka wuce sai ya haɗa ladan da wani motsi daban, da ba da nama babba, da horo a ranar sanyi. Mafi haɗari shi ne miƙa abinci da hannu, domin darasin da zai ɗauka shi ne hannu abinci ne.

Wannan baiwa ita ce ke sa kadan daji ya zama abin tsoro. Yana lura da wanda ke zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Shi ya sa hukumomin arewacin Ostireliya ke gargaɗin kada a maimaita wurin ɗibar ruwa, a tsaya aƙalla mita 5 daga bakin ruwa, a kafa zango mita 50 nesa, kuma kada a zubar da hanjin kifi a mashigi. A Florida ciyar da kadan daji laifi ne a doka, domin wanda ya saba karɓa daga mutum yakan ƙare a hannun maharba. Kai dabba nesa ma ba magani ba ne: kada kan dawo, maciji kuwa da aka raba da yankin da ya haddace yakan yi ta gararamba, kuma bincike a kan macizai masu ƙararrawa a Amurka ya nuna sun fi mutuwa.

Ga mai kiwo a keji, ma'anar ita ce akwatin gilashi fayau da kwanon ruwa bai wadatar ba. Ana buƙatar gefe mai ɗumi da gefe mai sanyi don dabbar ta zaɓa, maɓoya a kowane gefe, abin hawa ko abin tono gwargwadon nau'in, da sauya wurin abinci lokaci-lokaci.

Inda ilimin ya fi yin rana shi ne ceton dabbobin kansu. A 1935 aka kai wani ƙaton kwaɗo mai dafi Ostireliya don ya cinye ƙwarin rake, ya bar ƙwarin ya bazu, kuma duk guza ko kadan ruwan daɗi da ya haɗiyi babba sai ya mutu. Matsalar ita ce manyan kwaɗin ne ke kan gaba a mamayar, cin farko shi ne na ƙarshe, ba damar koyo. Georgia Ward-Fear da Rick Shine, tare da masu gadin daji 'yan asalin yankin Kimberley, suka riƙa riga mamayar isa, suna miƙa wa damon daji ƙananan kwaɗi da sandar kamun kifi. Ƙaramin yana sa ciwon ciki amma ba ya kisa. A rahotonsu na 2016, fiye da rabin 16 da suka ɗanɗana sun rayu har ƙarshen binciken na wata 18, waɗanda ba su ɗanɗana ba kuwa kusan duk sun mutu cikin 'yan watanni. A wani binciken da aka wallafa a 2024, an yi wa kadoji irin wannan da gawar kwaɗi kusan 2,400 da aka cire wa dafi aka cusa musu gishirin litiyam mai tayar da zuciya, aka rataye su a bakin ruwa tare da naman kaza don kwatanci. Cikin 'yan kwanaki kadojin suka daina taɓa kwaɗin suna ci gaba da cin kazar, kuma a wani kwazazzabo mace-macen ya ragu da kashi 95 cikin 100. Darasin ba ya bin jini zuwa ga 'ya'ya, amma ba a buƙatar hakan: da kwaɗin sun zauna sun fara haihuwa, ƙanana za su cika wurin, kuma kowane ɗan damo zai gamu da ƙaramin da zai ɓata masa ciki kafin ya kai girman haɗiye babba.